Ciwon Ƙafar Mota Bayan An Fito Daga Jeji: Yadda Nake Binciken Tsohuwar Hilux Ɗina

Motata Hilux ce ƙirar 1994, mai injin dizal 2.8, irin wadda gabanta aksil ne, wato ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama, guda ɗaya sandararre a kan sifirin mai falle-falle. Da ita nake ɗauko dankalin turawa daga ƙauyukan Bokkos in kawo kasuwar Farin Gada a Jos. Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin gonakin da ke bayan Maikatako da Daffo a watan Agusta ya san abin da ƙafar mota ke sha: jar laka mai danƙo, duwatsun da ruwa ya tone ya bar su a fili, da rafukan da ba su da gada, sai dai ka yi bismillah ka afka. Ni ba bakanike ba ne. Amma shekarun da na yi ina kwanciya a ƙarƙashin motar nan sun koya mini tsarin da nake bi duk ranar da na fito daga jeji na ji wani abu ya canza a ƙafa.

Abin da ya sa ni kan wannan tsari ya faru ne wata damina. Na fito da buhuna takwas, laka har gindin ƙofa. Na hau kwalta lafiya, na wuce Barikin Ladi, ina isa miƙaƙƙen titin nan na Heipang allura ta taɓa 80, sai sitiyari ya kama rawa a hannuna kamar mai masassara. In na rage gudu ya lafa, in na ƙara ya dawo. Washegari na kai ta wani gareji, aka leƙa daga tsaye aka ce alaimen ne, wato saitin tayoyi, da shokzoba. Aka yi alaimen, aka canza shokzoba biyu na gaba, na biya kuɗin da ya cinye ribar lodin nan kaf. Na koma titi, rawa tana nan daram. Daga nan na nufi wurin wani dattijon bakanike da kowa ke kira Baba. Bai ko ce in tayar da injin ba. Ya durƙusa, ya zura hannu ta bayan wilin gaba na dama, ya ɓamɓaro wani curin busasshiyar laka da ya cika tafukan hannunsa biyu, ya ɗora mini a kan bonet.

"Ɗana, ga ciwonka nan. Je ka wanke ta ciki da bai, sannan ka dawo mu yi magana."

"Baba, wannan kaɗai?"

"Ɗan guntun dalmar da mai balansin ke maƙala wa wili, nawa ne nauyinsa? To auna shi da wannan."

Na wanke ta, rawa ta tafi. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, domin na san direbobi da yawa da aka yi wa irin wannan, wasu ma bashi suka ci suka sayi kayan da motarsu ba ta buƙata. Shi ya sa nake cewa kada ka sayi ko noti ɗaya sai idonka ya gani, hannunka ya taɓa, kunnenka ya ji. Kuma ka yi binciken a ranar da ka dawo, ko washegari da safe, tun kana tune da ramin da ka faɗa da dutsen da ka buga.

Binciken yana farawa ne tun kafin ka hau kwalta. Inda hanyar jeji ta ƙare, tsaya. Mayar da ƙaramar libar agzilari, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja, daga H4 ko L4 zuwa H2, ka sauko ka juya makullan hob na gaba, wato cibiyar da wili ke ɗaure a kai, daga LOCK zuwa FREE, duka biyun, ka tabbata kowane ya zauna a kan alamarsa. Irin waɗannan tsoffin motoci, in suna cikin agzilari, gaba da baya a ɗaure suke wuri ɗaya, babu abin da ke raba musu gudu. A kan laka ba damuwa, taya takan ɗan zame ta sauke nauyin. A kan kwalta kuwa ba zamewa, sai ƙarfin ya taru a giya da farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil. Sitiyari ya yi nauyi, tayoyi su yi ta kuka a kwana, mota ta riƙa ɗan tsalle in ka murza sosai, liba kuma ta ƙi fita. Na ga wanda ya rantse ƙafar motarsa ta lalace, alhali mantawa ya yi bai fitar da agzilari ba. In libar ta ƙi, kada ka yi mata dole. Yi baya a miƙe 'yan mitoci kaɗan, ko ka sauke tayoyin gefe ɗaya a kan ƙasa, za ta fita cikin sauƙi.

A wannan tsayawar kuma nakan zagaya da wil-safana in taɓa notin kowace taya. Hilux ɗina noti shida ne a kowane wili, safana mai lamba 21. Wannan ya fi zama dole in ka canza taya a cikin jeji, domin ƙasa ko laka takan maƙale tsakanin fuskar wili da hob. Ka ɗaure ka ji ya kama, alhali a kan laka ya kama, tana marmashewa noti ya saki. Alamun noti da ya saki ba su ɓuya ga mai dubawa: jan layin tsatsa da ke fitowa daga gindin noti, ko ƙarfe ya yi ƙyalli a kewayen ramin, ko ƙwanƙwasa da kake ji a ƙaramin gudu wadda ke canzawa in ka taka birki. In ramukan wilin sun riga sun faɗaɗa sun koma kamar ƙwai, wannan wilin ya gama aiki, kuma sai an duba ƙusoshin da noti ke hawa, don sukan tsage. In ka rage iska don shiga yashi ko taɓo, ka mayar da ita a wurin mai faci na farko da ka gani. Taya mai ƙarancin iska da lodi a kan kwalta zafi take ɗauka har ta fashe.

Bayan ka yi tafiyar kilomita goma ko ashirin a kan titi, sake tsayawa, amma ka gangara a hankali ba tare da ka matsa wa birki ba. Kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowane wili, kada ka dafa kai tsaye. Ɗumi ba laifi ba ne, kuma na gaba sukan fi na baya ɗumi. Abin da kake nema shi ne bambanci tsakanin hagu da dama. In ɗaya yana huci ɗan'uwansa kuwa lafiya lau, ko dai birki ne ya riƙe, ko boris ne, wato zoben ƙwayoyin ƙarfe da wili ke juyawa a kai, ke cin kansa. Hanci yakan raba gardama: birki ƙauri yake yi mai kaifi, boris kuwa warin ƙonannen giris, wani lokaci ma ka ga giris ɗin ya narke yana tsiyaya. Kada ka watsa wa faifan birki mai zafi ruwan sanyi, yakan sa shi ya karkace.

Sai wanki. Ba wankin kwalliya nake nufi ba. Ka tsaya a kan yaron da ke riƙe da tiyo, ka ce masa, "Ƙanena, bar bodin tukuna, shiga cikin wili ta baya." A wanke bayan faifan birki, tsakanin fallayen sifirin, da kewayen ƙwallon da ke ƙarshen aksil, amma kada a kafa bakin tiyo mai ƙarfi a kan roba ko sil, wato zoben da ke tare mai da giris, don yakan tura ruwa ciki. Jar lakar Filato in ta bushe tamkar siminti take, ta fi sauƙin fita tun tana ɗanya. Bayan wanki ne kaɗai za ka iya ganin inda mai ke yoyo da inda ƙarfe ya sami sabon rauni.

Yanzu duba tayoyin, kuma gefen ciki ya fi muhimmanci, don shi ne ba a gani. Murza sitiyari har ƙarshe, ka haska da tocila, ka shafa da hannu. Duwatsunmu na nan suna da kaifi, sukan yanki gefen taya. Yankan da ya tsaya a roba za a iya lallaɓawa, amma in ka hango zare ko waya, ko ka ji kumburi kamar ƙwai a gefe, zaren ciki ya tsinke, kuma babu facin da zai mayar da shi. Cire ta. In taya tana rage iska a hankali ba ka ga ƙusa ba, zuba ruwan sabulu a bakin wili inda roba ta haɗu da ƙarfe. Sau da yawa tsakuwa ko ɗan itace ne ya shiga wurin, sai mai faci ya sauke bakin ya goge ya mayar. Duba kuma ko dalmar balansin tana nan. In ta ɓalle za ka ga ɗan wuri mai tsabta a bakin wili inda take zaune a da. Tun da kana wurin, karanta lambobi huɗun da ke ƙarshen rubutun DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Masu sayen taya ta hannu su riƙe wannan, domin tsohuwar roba takan bushe ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba.

In duk wannan bai nuna komai ba, fita gwaji a titi mai kyau, ba kaya, ba rediyo, gilashi a sauke. A nan kunne da tafin hannu ke aiki, kuma kowane ciwo da irin muryarsa.

Rawar da ke zuwa a wani gudu, yawanci tsakanin 80 da 100, ta kuma ragu in ka wuce ko ka sauko, maganar balansin ce: laka, dalmar da ta faɗi, ko wili da ya lanƙwashe. In a sitiyari kake jin ta, gaba ne. In a kujera da ƙasan mota kake ji, duba baya, ko farfela da kuros ɗinta. In mota tana rangaji a ƙaramin gudu, kamar tana ɗingishi a 20 ko 30, ko wili ya lanƙwashe sosai ko taya ta rabu daga ciki. In kuwa sai ka taka birki rawar ke zuwa, har feda tana bugun ƙafarka, faifan birki ne.

Ƙugin boris daban yake. Yana tashi da gudun mota, ba ruwansa da gudun injin. Ka sa giya a furi a wuri mai faɗi ka bar ta tana gangarawa, za ka ji yana nan. Matsalar ita ce tayoyin jeji masu manyan haƙora su ma suna ƙugi, sai a rikita su. Ga yadda nake rabewa. Ƙugin taya yakan canza in kwalta ta canza, daga mai santsi zuwa mai kaushi. Na boris bai damu da kwalta ba, nauyi ne ke canza shi. A titin da ba kowa, a gudu kamar 50 ko 60, ka ɗan karkata sitiyari hagu, sannan dama, a hankali. In ka karkata hagu nauyi yana komawa dama. To in ƙugin ya ƙaru a lokacin, galibi boris na dama ne, in ya ƙaru da ka karkata dama, na hagu ne. Na ce galibi, domin kunne yakan yaudari mutum, jak ne zai tabbatar.

Akwai kuma ƙara mai tsinin nan, ƙiii, kamar ana goga cokali a tukunya, wadda ke tayar da hankalin mutum fiye da kowace. Sau da yawa ita ce mafi arha. Tsakuwa ce ta maƙale tsakanin faifan birki da siririn farantin da ke bayansa, ko dutse ya tura farantin yana gogar faifan. Wani lokaci yin baya kaɗai yakan fitar da tsakuwar. In ba ta fita ba, cire taya ka ɗan tura farantin baya da sukundireba.

Sai mu zo jak, inda ainihin binciken yake. Nemi wuri mai tauri kuma a daidaite, ja birkin hannu, sa waigi a gaba da bayan tayar da ke ƙasa. Ka ɗaga ta aksil, sannan ka tokare da ƙarfen tokara ko kututture mai ƙwari. Ina roƙon duk mai karanta wannan, kada ya shigar da kansa ko hannunsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada ya tokare da bulon siminti, don yakan dare ba sallama.

Da taya tana lilo, kama ta sama da ƙasa, ka tura sama ka jawo ƙasa, ka sake juyawa, da ƙarfi. Bai kamata ka ji komai ba. In ka ji ɗan ƙwas-ƙwas, akwai wasa, kuma abu biyu ne ke kawo shi: boris na hob, ko boris na kimfin da ke sama da ƙasan ƙwallon aksil, inda taya ke karkata in an murza sitiyari. A motocin da kowace ƙafar gaba ke da hannunta, kamar Hilux da suka biyo bayan tawa, da Pajero da L200, bol-join ne a madadin kimfin. Dabarar da Baba ya koya mini ta raba su ita ce ka sa wani ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. In wasan ya ɓace, boris na hob ne, domin birki ya damƙe hob ɗin. In yana nan, kimfin ne ko bol-join. Wannan gwajin na minti ɗaya ya sha hana ni sayen abin da ba shi ne ba.

Sannan kama ta hagu da dama ka girgiza. Wasan da ke nan na kayan sitiyari ne, yawanci kawunan tayarod, sandar da ke karkata tayoyin gaba in an murza sitiyari. Hanya mafi kyau ta gane wanne ne ita ce ka sauke motar ƙasa, nauyinta ya zauna, ka sa yaro ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, kai kuma ka kwanta ka dafa kowace gaɓa da hannu. Lafiyayyar gaɓa tana tafiya tare da sandarta kamar abu ɗaya. Wadda ta mutu za ka ji ta ɗan yi tsalle kafin ta bi. Duba robar da ke rufe kowace, in ta yage ruwa da yashi sun riga sun shiga. Ka kuma kalli doguwar sandar tayarod daga gefe, domin a ƙasa take, dutse da kututture sukan same ta. In ta lanƙwashe, sitiyari zai karkace alhali mota tana tafiya a miƙe, tayoyi kuma su fara cin gefe ɗaya cikin 'yan kwanaki.

Kafin ka sauke jak, juya tayar da hannu. Ya kamata ta juya sumul, da ɗan shafar birki kaɗan. Dafa sifirin ko jikin aksil da ɗaya hannun yayin da take juyawa, in boris ya ci za ka ji gurgura a yatsunka tun kafin kunne ya ji. Don gane wili mai lanƙwasa kuwa, ɗora alli a kan dutse ko katako, bakinsa dab da bakin wilin, ka juya a hankali. Inda ya karkace alli zai taɓa ya bar zane, sauran wurin ya bar rata. Wilin ƙarfe ana iya buga shi ya dawo. Na alminiyam in ya tsage, ni dai ba na yarda da waldarsa a motar da ke ɗaukar kaya.

Boris na gaba a irin motata ana iya ɗaure shi, ba lallai a canza ba. Noti biyu ne manya masu lamba 54, da washa mai kunne a tsakaninsu. To amma kada ka yarda a ɗaure kawai a rufe, musamman in ka ratsa ruwa. A buɗe a ga giris. In ya koma ruwan toka ko kalar madara, ko ka murza a yatsa ka ji yashi, sai an wanke boris ɗin tas an duba. In ƙwayoyinsa ko zoben da suke gudu a kai sun yi tabo, ko sun yi shuɗi saboda zafi, a canza su tare, har da sil. Kuma a guji ɗaure noti da kurfi da guduma, abin da ake yawan yi in babu soket ɗin. Ɗaurin da ya wuce kima yana ƙona boris, wanda bai kai ba kuma yana barin wasa. Ni na sayi soket 54 nawa a kasuwar Dilimi, yana cikin mota kullum.

Wannan ƙwallon da ke ƙarshen aksil na gaba ya cancanci a tsaya a kansa. A cikinsa akwai gaɓar da ke juya tayar gaba in an sa agzilari, tana kwance cikin giris. Ɗan danshin giris a jikin ƙwallon ba komai ba ne. Amma in ka ga wani baƙin abu mai ruwa-ruwa kamar kunu yana gangarowa har cikin taya, da warin man giya, to sil ɗin da ke cikin aksil ya mutu, man giya ya haɗu da giris ya wanke shi. Kada ka bari ya daɗe, domin aksil yana rasa mai, gaɓar tana rasa giris, kuma abin yakan kai ga birki. Gwajin gaɓar kanta shi ne ka kulle hob, ka sa H4 a fili mai ƙasa, ka murza sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, ta ci. A motoci masu shaf da robar but, duba robar: in ta yage za ka ga giris ya fantsama a cikin wili. In ka kama ta da wuri, roba da giris kaɗai za ka saya.

Abin da direbobi suka fi mantawa shi ne ɗan bututun numfashi da ke saman aksil. Aksil yana zafi, ka afka rafi mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙi ruwa ta bututun ko ta sil. In kuma laka ta toshe shi, zafi ya tura mai waje ta sil. Don haka duk ranar da ruwa ya kai mini tsakiyar taya, nakan kwance notin da ake zuba mai a tukunyar aksil, gaba da baya, in tsoma yatsa. Man kirki yana da kalar zuma ko ya ɗan yi duhu. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, a zubar a zuba sabo, GL-5 mai lamba 80W-90 nake sawa. Sannan in bi duk kan nonon giris na farfela da tayarod da famfo har sai sabon giris ya turo tsohon waje.

Ƙafar baya ba ta cika surutu ba, amma ita ke ɗauke da buhunan. Duba notocin yu-bol da ke ɗaure sifirin da aksil, ka ƙirga fallayen ko wani ya karye. Akwai ƙusa guda a tsakiyar sifirin da ke riƙe aksil a mazauninsa. In ta tsinke, aksil yakan zame baya ta gefe ɗaya, sai mota ta riƙa tafiya a karkace, na bayanka ya ga kamar tana tafiya da gefe. Awo da tef zai nuna maka: daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya, hagu da dama, tayoyi a miƙe. In bambancin ya fito fili, nan ne. Babu alaimen ɗin da zai gyara wannan. Leƙa kuma bayan gangar birki. In ta jiƙe da mai, ko sil ɗin aksil ne ko silindar birki, ka shinshina: man giya yana da wari mai ƙarfi, man birki kuwa kusan ba shi da shi, kuma za ka ga ya ragu a kofinsa. Gangar da ta sha laka a buɗe ta a wanke, in ba haka ba yashin zai cinye takalmin birki.

In mota tana ja gefe ɗaya, fara da gejin iskar taya, da safe tayoyi suna sanyi. Ni nakan sa 32 a gaba, in ƙara na baya in da lodi, amma kowa ya bi abin da aka rubuta wa motarsa da irin tayarsa. In iska daidai take, musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. In jan ya koma ɗaya gefen, taya ce. In bai canza ba, koma kan birkin da ke riƙewa, ko sifirin da ya kwanta, ko wani ƙarfe da ya lanƙwashe. Alaimen shi ne na ƙarshe, bayan an canza duk abin da ke wasa. In aka yi shi a kan mataccen tayarod, ramin farko zai warware shi.

Akwai wata rawa da ba ta cikin waɗanda na ambata, kuma masu aksil irin nawa su san ta. Ka buga ɗan rami a gudu, sai gaban motar gaba ɗaya ya kama kaɗawa hagu da dama da ƙarfi, sitiyari yana neman ƙwacewa, ba ta dainawa sai ka kusa tsayawa. In ta same ka, riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur, ka rage gudu a hankali, kada ka danna birki da ƙarfi. Wannan tarin wasa ne: kimfin, tayarod, bushin sifirin, yu-bol, wani lokaci da taya mara balansin a kai. Za a ce maka ka canza ɗan shokzoban sitiyari. Sabo yakan ɓoye rawar na ɗan lokaci, amma wasan yana nan yana ƙaruwa. Da irin wannan rawa, ko boris mai huci, ko kumburin taya, ko noti da ya ƙi kamawa, ba na ɗaukar lodi, balle in doshi gangaren Hawan Kibo. Ƙugi kaɗan ko ɗan yoyon sil za su iya kai ka gida a hankali. Waɗancan kuwa a tsaya a gyara a inda ake.

In an gama aiki za a mayar da taya, goge fuskar hob da bayan wili da burushin waya har ƙarfe ya fito. Kada a shafa wa ƙusoshin mai ko giris. A fara ɗaura kowane noti da hannu, sannan a ɗaure a tsallake, wannan sai na daura da shi, ba a bi su a jere ba. A tsoffin Hilux ƙarfin ɗaurin yana wajen 100 zuwa 110 Nm a ma'aunin ɗaurin noti, wato abin da hannun mutum da wil-safana zai iya, ba sai an sa dogon bututu an hau da ƙafa ba. Hawan nan ne ke miƙar da ƙusa har ta tsinke daga baya. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin su. Ni in na tashi daga Jos zuwa Bokkos, a Barikin Ladi nake tsayawa, in sha shayi, in zagaya da safana, in kai bayan hannu kusa da kowane hob, sannan in kama hanyar Maikatako.